Tsohuwar kwamfuta ba kayan gwangwan ba ce

Tun shekarar 1997, lokacin da Sellam Ismail ya shirya taron Vintage Computer Festival na farko a jihar Kalifoniya ta Amurka, masu sha'awar tsoffin kwamfutoci ke haɗuwa shekara-shekara suna baje kolin abin da suka adana. Ba kamfanoni ke cika zauren ba. Malamin makaranta ne, da injiniya mai ritaya, da ɗalibi, kowa ya ɗauko kwamfutarsa daga gida, ya ɗora a tebur, ya jona wuta, ya ce wa mai wucewa ya zauna ya taɓa. Yanzu ana irin wannan taro a gidan tarihin kwamfuta na Mountain View, da jihar New Jersey, har da Jamus.

Wasu na ganin aikin marasa abin yi ne. Ni kuwa ina ganin makaranta ce, kuma dalilina shi ne na'urorin a kunne suke, ba a bayan gilashi ba.

Ɗauki ZX Spectrum da kamfanin Clive Sinclair ya fitar a Ingila a 1982. Maɓallanta na roba ne, talabijin ɗin gida ake jona ta da shi, manhajarta kuma a kaset take, irin na rakoda. Ka danna kaset, sai ƙara mai tsinin gaske ta cika kunne, layuka masu launi na ta gudu a gefen allo, kai kuma kana zaune mintuna kana jira. In sautin rakodar bai daidaita ba, sai ka mayar da kaset baya ka sake. Yaron da ya ga haka ya ji da kunnensa yadda bayanai ke tafiya daga wata na'ura zuwa wata.

Ko kuwa Commodore 64, wadda ita ma ta fito a 1982 da ma'adanar kilobayit 64. Hoto ɗaya a wayarka ya ninka wannan sau da yawa. Da ka kunna ta, shuɗin allo ne kawai da 'yar alama mai ƙyaftawa tana jiran umarni a harshen BASIC. Yaro ya rubuta layi biyu, sunansa ya cika allon daga sama har ƙasa. Nan take ya gane cewa na'ura mai bin umarni ce, shi ne mai ba ta. Wayar yau ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ta rufe cikinta ruf, ta bar wa ɗanka shafa gilashi kawai.

Kuma asalin wayar a kan waɗannan teburan yake. Kamfanin Acorn da ya ƙera BBC Micro a 1981 don koyar da 'yan makarantar Birtaniya, shi ne injiniyoyinsa Sophie Wilson da Steve Furber suka tsara ƙwaƙwalwar ARM, wadda zuriyarta ke cikin kusan kowace wayar hannu a yau.

Kafin mai baje koli ya kunna na'ura mai shekara 40, ya sha fama. Batir ya tsiyaye ya ci allon wayoyi, wani ɗan ƙaramin sashe ya fashe ya yi hayaƙi, dole ya zauna da ƙarfen liƙi da dalma yana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Duk mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano zai gane wannan aiki da kallo ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne halin da namu ke ciki. Kwamfutocin da aka fara buga takardu da su a ma'aikatunmu da jami'o'inmu da shagunan buga takardu suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, a auna su a kilo, a ƙona wayoyin don cire jan ƙarfe. Alhali da tsohuwar zuma ake magani.

Ina kira ga sassan nazarin kwamfuta na jami'o'i da kwalejojin fasaha su buɗe ɗakunan ajiyarsu, su haɗa kai da masu gyara, su ware rana guda a shekara su kunna waɗannan na'urori ga 'yan sakandare. Kai kuma mai karatu, in kana da wata a ƙarƙashin gado ko a sito, kada ka sayar da ita a kilo. Ka goge ƙurarta, ka kai wa mai gyara, ka zaunar da 'ya'yanka a gabanta.