Kafin Jirgi Ya Iso Dutse, A Shimfiɗa Dogo a Kan Tebur a Kiyawa

A ranar 9 ga Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Jigawa ta sami rabo biyu a ciki: babban layin zai ratsa Kazaure, sannan wani reshe zai taso daga Kano ya bi ta Gaya ya dire a Dutse. Tun daga lokacin ake ta muhawara a kan bashi da diyyar gonaki da ranar kammalawa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: idan jirgin ya iso, 'ya'yan wa za su tuƙa shi, su gyara shi, su kula da sigina da tasha? Yaron da ke aji biyar na firamare a Kiyawa ko Katanga shi ya kamata ya zama injiniyan wannan layi, alhali da wuya ya taɓa ganin tarago da idonsa.

Shawarata ƙarama ce, har wani zai iya yi mata dariya. A haɗa wa makarantun yankin Kiyawa da Dutse ƙaramin layin dogo na tubalan roba, irin na LEGO, wanda ake kwancewa a ɗauka a mota a kai shi baje koli daga gari zuwa gari. Sharaɗin kawai shi ne kada a gina shi a dunƙule. A yanka shi fegi-fegi, kowace makaranta ta riƙe nata, ranar baje koli a haɗa su su zama ƙasa guda.

Dalilin yana cikin lissafin tubalin kansa. Kamfanin LEGO na garin Billund a Denmak ya yi rajistar fasalin tubalinsa a 1958, kuma tubalin wancan zamani yana kama na yau daram, domin tazarar da ke tsakanin maɓallan da ke kansa ba ta sauya ba: milimita 8. Allon da ake gini a kansa yana da maɓallai 32 a tsaye, 32 a kwance, wato santimita 25.6 kowane gefe. Shi ne fegi ɗaya. Miƙaƙƙen dogo guda yana da tsawon maɓallai 16, don haka guda biyu suna ƙetare fegi ba ragi ba ƙari. Lanƙwasasshen dogo kuwa sai an haɗa 16 yake zagayowa, kuma da'irar tana cin fegi uku tsaye, uku kwance. Ke nan da fegi 18, uku a faɗi shida a tsawo, da lanƙwasassu 16 da miƙaƙƙu 12, an sami cikakken zagaye mai kimanin santimita 77 da 154. Teburan aji biyu sun ɗauke shi, in aka kwance kuma bayan ƙaramar mota ya ishe shi.

Masu wannan sha'awa a Turai sun daɗe da gane cewa wahalar tana bakin fegi, inda aikin mutum ɗaya yake haɗuwa da na wani. Shi ya sa wasu 'yan Sifaniya da ke tare da mujallar HispaBrick suka fito da tsarin da ake kira MILS, wanda ya ƙayyade tsayin doron kowane fegi da wuraren da ake sa fil a ɗaure shi da maƙwabcinsa. Mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba sai su zo zauren baje koli, kowa da kayansa, su jera, dogo ya haɗu da dogo, hanya ta haɗu da hanya. A tsakiyar fegi kowa ya yi abin da ransa yake so. A bakinsa kuwa doka ɗaya ce.

Wannan darasi mun fi kowa buƙatarsa, domin muna biyan kuɗin rashinsa. Tsohon layin da ya isa Kano a 1911, aka zarce da shi Nguru a 1930 ta Ringim da Malam Madori da Birniwa, faɗinsa milimita 1,067 ne. Sababbin layukan, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da kuma wanda zai zo Dutse, faɗinsu 1,435. Taragon wancan ba zai hau wannan ba. Jiha ɗaya za ta kasance da dogo iri biyu da ba sa gaisawa, kayan da za su tashi daga ɗaya zuwa ɗaya sai an sauke an sake lodi. Ingila ma ta sha wannan ɗaci: sai da majalisarta ta kafa doka a 1846 kan faɗin dogo, amma ba a gama tsuke faffaɗan layin injiniya Brunel ba sai 1892. Duk wanda ya taɓa sayen gero a Shuwarin da tiyar da ta saɓa wa ta garinsu ya san abin da bambancin ma'auni yake jawowa. Yaron da ya kawo feginsa ya tarar dogonsa ya goce da maɓalli ɗaya, jirgi ya tuntsure a gaban jama'a, ya koyi wannan a rana ɗaya, ba zai kuma manta ba.

Saboda haka tun ran gini, ran zane. Kafin a sayi tubali ko ɗaya, malaman kimiyya na makarantun da za su shiga su zauna su rubuta shafi guda: maɓallai nawa tsakanin dogo da bakin fegi, yaya tsayin doro, ta wane gefe titin mota zai shiga ya fita. A auna motar da za ta ɗauki kayan kafin a yanke girman akwatuna. A zaɓi kan jirgi mai batir, wanda shi ne ma kamfanin yake yi tun da ya daina dogo mai ƙarfe a wajajen 2007, domin zauren da ba wuta ba zai hana shi tafiya ba, ƙaramar sola ta isa caji. A yi wa kowane fegi murfi saboda ƙurar hunturu, a rubuta masa lamba a ƙasa, a ajiye taswirar jeri. Kusurwoyi huɗu da kan jirgi su zauna a hannu ɗaya, don ko makaranta ɗaya ta makara, a rage tsawo a rufe zagayen, jirgi ya tashi.

Abin da za a ɗora a kan fegin kuwa namu ne. Wata makaranta ta gina tashar Dutse da duwatsun da suka ba garin suna da itatuwan dabino. Wata ta yi rumfunan kasuwar Shuwarin, wata fadama da gada, wata kuma mahaɗar dogo da titi, da shinge da garken shanu suna jira. Wannan na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci. Jirgi ba ya tsayawa nan take kamar mota, kuma al'ummar da ba ta saba da shi ba tana koyon haka ne da asarar rai da dabbobi. Gara a nuna wa ɗan acaɓa da makiyayi a kan tebur ranar kasuwa.

Za a ce makarantun da ɗalibai suke zaune a ƙasa, rufin aji yana yoyo, ina su ina kayan wasan Turawa? Maganar tana da nauyi, kuma kayan LEGO na asali suna da tsada ƙwarai a kuɗinmu. Sai dai tsarin fegi shi ne amsar. Babu makarantar da za ta sayi duka. Allo ɗaya da dogo biyu ne rabonta. Haƙƙin mallakar fasalin tubalin ya daɗe da ƙarewa, akwai kamfanoni, musamman a Sin, da ke yin masu kama da shi da rahusa. Gine-ginen kuma ba dole su zama na roba ba. Yaran da suke ƙera motar kara da ta gwangwani ba sa buƙatar a koya musu gina rumfa da sillen kara da yumɓu. Abin da ba a taɓa ba su ba shi ne aikin da dole ya dace da na wani yaro a wani gari, daidai da milimita. Nan ne wasa yake zama injiniyanci.

Akwai kuma batun wa ke zuwa kallo. Baje kolin kimiyya da aka kafa a babban zaure a Dutse, manyan baƙi da 'yan makarantun birni ne suke ganinsa, a ɗauki hoto a watse. Wanda yake shiga akwati yana iya kwana a Kiyawa yau, mako mai zuwa Andaza, na gaba Jahun ko Birnin Kudu, kuma kowane gari da ya je yana iya ƙara masa fegi.

Jami'ar Tarayya ta Dutse da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jihar suna da ɗaliban da za su rubuta ƙa'idar su duba aikin. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda da yawanku kuke ciki, suna iya ɗaukar nauyin fegi ɗaya-ɗaya da sunan makarantunsu. A fara da makarantu shida da fegi 18. Dogon gaske yana hannun gwamnati da 'yan kwangila, kuma su suka san ranarsa. Wannan na kan tebur yana hannunmu, zangon karatu ɗaya ya isa a ga jirginsa yana zagayawa.