Waiwaye: Mutum-mutumin da aka sallama daga aiki

A watan Yunin 2014 ne Masayoshi Son, shugaban kamfanin SoftBank na Japan, ya gabatar wa duniya Pepper, mutum-mutumi mai tsayin santimita 120 da allo a ƙirji. Aka ce yana duban fuskar mutum ya gane murna yake yi ko ransa a ɓace yake. Da ya shigo kasuwa a 2015, guda 1,000 na farko cikin minti ɗaya suka ƙare. Bankuna da kantuna suka yi ta rububinsa.

Ba a je ko'ina ba aka ga iyakarsa. Wani kanti a Edinburgh ya ɗauki guda aiki, aka raɗa masa suna Fabio. Mai saye ya tambaye shi ina cuku yake, sai ya ce yana cikin firiji, shi ke nan. Hayaniyar kanti kuma ta hana shi jin rabin abin da ake faɗa masa. Aka mai da shi raba ɗanɗanon nama, mutane suka riƙa kauce masa. Mako guda ya yi aka sallame shi.

Otal ɗin Henn na da ke lardin Nagasaki, wanda shi ma ya ɗauki wasu mutum-mutumi aiki, ya fi ban dariya. A da akwai 'yar tsana a ɗakunan baƙi mai amsa tambaya, wadda in ta ji minshari sai ta ɗauka magana ake mata, ta yi ta neman a maimaita har baƙo ya farka. A 2019 otal ɗin ya ajiye fiye da rabin mutum-mutuminsa 243.

A ganina masu ƙirar sun raina hira ne. Sun ɗauka tambaya ce da amsa, alhali mafi wuyarta sanin lokacin yin shiru da gane abin da ba a furta ba. Da zarar ka ba na'ura fuska da baki, ka yi wa jama'a alƙawarin mutum, kuma da ma'aunin mutum za su auna ta.

Wani mai ƙira kuwa, Takanori Shibata, bai ɗauki wannan alƙawari ba. Paro, mutum-mutumin da ya ƙera, ba ya magana. Siffar jaririn wata dabbar teku ta yankin ƙanƙara gare shi, fari tas, mai laushin gashi. In an shafa shi ya lumshe ido ya yi ɗan kuka, in an kira shi ya juyo. Da gangan Shibata ya guje wa siffar kyanwa ko kare, don kowa ya san su, nan take za a ga inda na'ura ta gaza. Tsofaffi masu gigin tsufa kan rungume shi su natsu, har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa shi cikin kayan jinya a 2009. Akwai masu cewa yaudarar tsoho ce, kuma maganarsu abin dubawa ce.

SoftBank ya dakatar da ƙera Pepper a 2020, bayan an yi kusan 27,000. Paro kuwa har yau yana aiki a gidajen kula da tsofaffi a Japan da Turai.