Motar dizal ta hannu: auna kayanka kafin ka kalli fenti



Yau zan ɗan kauce wa zancen labari da waƙa, in taɓo wata magana da ta shafi tukunyar gidajenmu. Da yawa daga cikinmu 'ya'yan manoma ne da 'yan kasuwa da direbobi, kuma mu ake kira idan za a karanta takarda ko za a buga lissafi. Duk shekara da zarar kaka ta kama, sai ka ji a gida kaza an sayar da shanu, a gida kaza an jinginar da gona, an haɗa kuɗi za a sayi motar ɗaukar kaya a riƙa jigila zuwa Dawanau. Wasu su dace. Wasu kuwa kafin damina ta zagayo motar tana kan duwatsu a garejin bakanike, kaji na kwana a ƙarƙashinta, gona kuma ta tafi.

Ba laifin mutum ba ne ya yi sha'awar wannan sana'a. Kasuwar Dawanau, wadda ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa a kan hanyar Kano zuwa Katsina, ta kafu ne a 1985, kuma ana lissafa ta a matsayin kasuwar hatsi mafi girma a Afirka ta Yamma. Gero da dawa da masara da wake da riɗi da zoɓo da waken suya ba da ƙafarsu suke zuwa ba. Kafin tirela ta kwashe su zuwa Legas ko Maraɗi, sai ƙananan motoci sun tattaro su daga kasuwannin ƙauye na wajen Bichi da Ɗambatta da Tofa da Gezawa. Aiki akwai shi. Abin tambaya shi ne wace mota ce za ta jure.

Ra'ayina a taƙaice: nagartar motar dizal ta hannu ba a sunan kamfani take ba, ba a ƙyallin fenti ba, ba kuma a sabuntar shekara ba. Mota tagari ita ce wadda ta dace da nauyin da za ka ɗora mata, ta iya shan man da ake sayarwa a hanyarka, sannan bakaniken unguwarku ya san cikinta. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, komai kyan mota asara ka saya.

Mu fara da nauyi. A Ingila da Jamus da Holan akwai masu sayen motar dizal don su riƙa jan wani ɗaki mai taya da suke tafiya hutu da shi. Kafin su biya kuɗi, nauyin ɗakin suke fara dubawa. A Ingila shawarar da ƙungiyoyin masu irin wannan ɗaki ke bai wa sabon shiga ita ce kada nauyin abin da zai ja ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar kanta. Dokarsu kuma ba ta yarda ƙaramar mota ta ja tirelar da ba ta da birki ba idan ta haura kilo 750. Mu ba ɗakin hutu muke ja ba, buhu muke ɗauka, amma ƙa'idar ɗaya ce: daga kaya ake fara lissafi, sannan a nemo motar.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Turai suna ɗauke da ɗan allon ƙarfe ko takarda a jikin ƙofa ko a ƙarƙashin bonet. A cikin lambobin nauyi da ke jikinsa, ta farko ita ce iyakar nauyin motar haɗe da kayanta, ta biyu kuma iyakar nauyin motar haɗe da abin da take ja. Kaɗan ne daga cikinmu ke karanta wannan allo. Hilux da ire-irenta wajen tan ɗaya aka yi su su ɗauka. Idan buhun masara kilo 100 ne, buhu goma ke nan, kuma direba da yaron mota suna cikin lissafin. Mu kuwa sai a ƙara sifirin, a ɗora buhu ashirin, mutum biyar su hau sama. An ƙarfafa sifirin, amma birki da kuloci da giya da lagireto suna nan yadda kamfani ya yi su. Wata shida a ce motar ba ta da kyau, alhali mu muka kashe ta. Wanda ya san buhu talatin ne aikinsa, Kanta ya kamata ya nema tun farko, ko da ta fi tsufa.

Ko ta fuskar mai ma haka ne. Ga misali kawai, kowa ya saka nasa adadin: a ɗauka tafiya da dawowa kilomita 120 ce. Ƙaramar mota mai shan lita 12 a kilomita 100 za ta sha wajen lita 14 da rabi, ta kawo buhu goma, kowane buhu ya ci kusan lita ɗaya da rabi ke nan. Babbar da ke shan lita 18 za ta sha wajen lita 22, ta kawo buhu talatin, kowane buhu bai cinye lita ɗaya ba. Wannan lissafi ya zama dole tun daga 2022, shekarar da litar gas ta tashi daga wajen naira 300 zuwa kusan 800 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ta kuma haura naira dubu a ƙarshen 2023. Zamanin da ake sayen motar dizal don manta yana da araha ya wuce. Yanzu don ƙarfin ja da juriya ake sayenta, saboda haka dole ta riƙa tafiya cike, amma ba fiye da ƙima ba.

Na biyu, man da za ta sha. A nan ne mutane da yawa ke yi wa rogo kallon kitse. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kusan kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Motocin nan an ƙera su ne don man ƙasashensu. Tun 2009 man dizal na Turai ba ya wuce ɗigo 10 na sinadarin sulfa a cikin miliyan. Namu ya daɗe ana yarda ya kai ɗigo 3,000, abin da wata ƙungiyar ƙasar Siwizalan mai suna Public Eye ta fallasa a rahotonta na 2016. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da iyakar ɗigo 50 a 2020, matatar Ɗangote kuma ta fara sayar da gas a 2024. Amma abin da ke kan takarda daban, abin da ke cikin jarkar ɗan bumburutu a bakin kasuwar ƙauye daban. Ruwa da ƙura da algus na kananzir ba su san doka ba.

Me ya sa wannan ya dame mu? Tsohon injin dizal mai famfon inji zalla, irin 5L na Hilux ko na tsofaffin Kanta, yana da haƙuri. Idan nozul ya toshe a cire, a wanke, a saita, a mayar. Sabon inji kuwa ƙwaƙwalwar lantarki ke sarrafa shi, kuma yana fesa mai da matsi mai tsananin ƙarfi ta ƙofofin da ido da ƙyar yake gani. Ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi na iya lalata nozul, kuma saiti guda na iya cinye ribar kaka ɗungurungum. Motocin Turai na daga wajen 2009 zuwa sama suna da wata matata a cikin salansa mai tare baƙin hayaƙi, wadda ba ta wanke kanta sai an yi doguwar tafiya da gudu inji ya yi zafi sosai. Motar da aikinta shi ne rarrafe a hanyar burji da tsayuwa a layin lodi ba ta samun wannan dama. Matatar ta toshe, fitila ta kama, ƙwaƙwalwa ta rage wa inji ƙarfi. Na wajen 2015 zuwa sama kuma da yawa sai an riƙa zuba musu wani ruwa da ake kira AdBlue, idan ya ƙare wasu ko tashi ba sa yi. Ka tambayi kanka a ina za ka same shi ranar kasuwa a ƙauye.

Na uku, bakanike da kayan gyara. Kafin ka je wurin dila, ka fara zuwa Ƙofar Ruwa. Ka tambayi kuɗin nozul da famfo da kuloci da gaskit na motar da ke ranka. Idan mai shago ya miƙa hannu ya ɗauko, alama ce mai kyau. Idan ya ce sai an yi waya Legas, ka sake tunani. Abin da ya sa a-kori-kura ta Peugeot ta yi shekaru tana bauta wa Arewa ba sihiri ba ne. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kayan gyara suka wadata, kowane gari aka samu wanda ya iya ta. A sana'ar jigila, kwana uku a gareji lokacin kaka ya fi kwana talatin da bazara ciwo, domin ɗan kasuwar da ka saɓa wa alkawari sau ɗaya ya riga ya karɓi lambar wani direban.

Idan an zo duba motar, ka zo da bakanikenka, kai za ka biya shi, kada ya kasance yana da kaso a la'ada. Ku je da sassafe, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyinsa, domin injin da ya gaji idan an riga an ɗumama shi yana ɓoye ciwonsa. Ku kalli hayaƙi: shuɗi alamar yana ƙona baƙin mai ne, baƙi ƙirin alamar nozul ko iska ba ta isa, fari wanda ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi kuma sau da yawa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Ku buɗe murfin baƙin mai inji na aiki. Idan yana huci da ƙarfi ringi sun ci. Idan kuka ga abu kamar madara a ƙarƙashin murfin, ko kumfa na tasowa a lagireto, ku zargi gaskit. Ku shiga ƙarƙashi da tocila ku bi shasi, ku nemi walda da tsagewa da tsatsa, don gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara daga ƙasa yake cin mota. Kada ka amince da adadin kilomitar da ke kan mita, ana mayar da shi baya. Ka dubi yadda sitiyari da feda da kujerar direba suka siɗe. Sannan ka nemi a ɗora mata kaya a hau gangara da ita. Motar da babu komai a bayanta duk lafiyayya ce.

Sai takardu. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma 'yan Kwatano ba su daina shigowa ta ɓarauniyar hanya ba. Motar da ba a biya mata duti ba, ko da hannu uku ta wuce kafin ta zo gare ka, kwastan a hannunka za su kama ta. Ka gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfe da wadda ke kan takarda harafi bayan harafi, ka je ofishin kwastan a tabbatar maka. Ka guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, don ba kowane juyi ake yi da kyau ba, kuma rai ne a ciki. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu. A nan ne alƙalaminmu zai yi wa iyayenmu rana.

Na san akwai masu cewa wannan ra'ayi koma-baya ne. Suna da hujja: tsohon inji ya fi hayaƙi, sau da yawa ya fi shan mai, kuma 'yan dakon da ke tsaye a bayan salansa tun safe har magariba su ke shaƙar gubar. Gaskiya ne, kuma ba na kiran kowa ya sayi gwangwani. Tsohon injin da aka saita nozul ɗinsa, ake sauya masa filta a kan kari, ba a kuma danne shi da kaya, ba ya turnuƙe hanya. Sabuwar motar da aka fasa mata matatar salansa saboda ta toshe, kamar yadda ake yi a garejinmu, ta rasa tsaftar da aka saye ta dominta. Ranar da mai mai tsafta ya isa kowane gidan mai, masu gyara da kwamfuta kuma suka yawaita a wajen birni, ni ne zan fara cewa a sayi sabuwa. Kafin nan, daidai ruwa daidai tsaki.

Shawara ta ƙarshe: kada a zuba duk abin da aka tara a kuɗin saye. A ware na taya da batir da sauya baƙin mai da filtoci da bel tun ranar farko, a kuma ajiye na gyaran ba-zata. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi mota ya kuma ajiye na jinyarta ba, gara ya ƙara haƙurin shekara guda yana biyan kuɗin mota, gonarsa na hannunsa. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, in ji Hausawa, amma nagari a Dawanau shi ne wanda zai tashi da asuba ya kawo buhu, ya dawo gobe.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya tsare direbobinmu a hanya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.