A Sake Jarrabawa Ko A Haƙura?

Zuwa ga Edita,

Wannan mako maganar gidanmu na kawo, don na tabbata cikin malamai da akawuna masu karanta jaridar nan akwai waɗanda irinta ta sama.

Akwai ɗan wana, maraya, yana hannuna tun yana shekara tara. Ya zauna jarrabawar JAMB yana neman karatun kasuwanci a Jami'ar Bayero ta Kano, amma makinsa bai kai ba. Tun ran nan gida ya rabu biyu. Uwarsa ta ce ya haƙura, ya kama gonar rani da ubansa ya bari wajen Kura, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ke ratsawa. Ni kuwa na ce a dakata mu duba takardar tukuna.

Ga yadda jarrabawar take. Fanni huɗu ne, kowane maki 100, jimla 400. Turanci wajibi ne ga kowa, mai son kasuwanci kuwa sai ya haɗa da lissafi da ilmin tattalin arziki da wani guda. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, sakamakon bana kuma ba ya aiki baɗi, watau wanda ya ce zai sake ya sayi zaman shekara guda cur. Tun 2015 kuma aka daina takarda da fensir, sai kwamfuta.

Da muka duba, tattalin arziki ya ci sosai, Turanci ba laifi, lissafi ne ya kayar da shi. Abin ya ɗaure mini kai, domin yaron nan da ka yake lissafin kwandunan tumatir a kasuwar Kwanar Gafan, dillali bai taɓa cutarsa ko da kwabo ba. Da na matsa masa da tambaya, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ran nan ne na fara taɓa kwamfuta. Ina laluben inda zan danna lokaci ya ƙare." To, nan hankalina ya kwanta, don wannan ciwo ne mai magani. Da a ce duk fannonin huɗu ya zube, wallahi da ban ce ya sake ba.

Amma fa maganar uwar ba ta banza ba ce. Rajista da shirin jarrabawa suna faɗowa ne farkon shekara, daidai lokacin da tsinkar tumatir ta yi tsanani, kuma ƙannensa biyu daga gonar nan suke ci. Ita ta ga abin da tsutsar tumatir ta yi wa manoman Kadawa a 2016, ta san gonar rani ba a juya mata baya.

Akwai kuma hanya ta uku, wadda mu malamai muka saba rainawa, kuma laifinmu ne. Makarantar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano tana koyar da kasuwanci. Shekara biyu a sami difloma, wanda ya ci da kyau kuma yana iya neman shiga jami'a a aji biyu.

Ga abin da muka yanke. Zai sake sau ɗaya tak. Da safe gona, bayan la'asar lissafi a wurina, ran Asabar kuma ya tafi birni koyon kwamfuta da kuɗin albashina. Zai sa makarantar difloma cikin zaɓinsa, in maki bai kai ba ya tafi can ba gardama. Uwar ba ta ce ta yarda ba. Ta dai ce Allah ya sa alheri, kana ta ce ladan ɗan ƙodagon da zai tsare ban ruwa ran Asabar a wuyana yake. Na karɓa.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Malamin makaranta, Dawakin Kudu.