Wane Ingilishi Za Mu Koyar a Nijar?

A watan Maris na 2025, Kundin Sake Gina Ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya ɗora wa ɗaliban kimiyyar harshe tambaya mai nauyi: wane Ingilishi ke nan? A jihar Maradi, wanda ya fi kusa da kunnenmu shi ne na maƙwabta, wanda ƴan ci-ranin Gidan Sori da Gidan Rumji ke dawowa da shi daga Katsina da Kano. Shi ne kuma wasu masu ilimin boko ke kira gurɓatacce. A ganina, tarihin harshen kansa ya ƙaryata wannan hukunci.

Bayan da Normandawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066, dubban kalmominsu suka kwarara cikin Ingilishi, musamman na shari'a da mulki da abinci, irin su "justice" da "court" da "beef". Tsakanin ƙarni na 15 da na 17 dogayen wasulan harshen suka sauya furuci, alhali buga littattafai, wanda William Caxton ya kawo Ingila a 1476, ya fara daskarar da rubutu. Shi ya sa har yau ake rubuta "k" a farkon "knife", ko da yake baki ya daɗe da yar da ita don sauƙin furuci. Hatta "you" asalinsa wakilin sunan jam'i ne da ake girmama mutum ɗaya da shi, kamar yadda muke ce wa dattijo "ku". Ladabi ya yi ta yaɗa shi har ya kori "thou". Cuɗanya da sauƙin furuci da neman daraja, su ne suka ƙera abin da ake kira daidaitaccen Ingilishi a yau.

Kukan lalacewar harshe ma tsoho ne. A 1712 Jonathan Swift ya nemi a kafa majalisar da za ta tsayar da Ingilishi wuri ɗaya, irin wadda Faransa ta kafa a 1635. Ba a kafa ba. Samuel Johnson, mai ƙamusun 1755, shi kansa ya yarda cewa ƙamus ba ya hana harshe tafiya. A zamaninmu, ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Ingilishin Najeriya a farkon 2020, ciki har da "okada" da "Kannywood", daga baya kuma "suya" ta bi sahu. Kalmar da aka toya a bakin tukubar Bahaushe ta samu mazauni a babban ƙamusun Turawa.

Laifi tudu ne. Mu da ke cewa "lakwal" da "mushe" da "lokotoro", Bakano kuwa yana cewa "makaranta" da "malam" da "likita", mun san zafin a ce Hausarmu ba ta kai ba. Bai kamata mu auna Ingilishin maƙwabta da mudun da muke ƙi a auna mu da shi ba.

Gaskiya ne ɗalibi na bukatar daidaitaccen kari don jarrabawa da wasiƙar ofis da karatun ƙasashen waje, kuma wajibi ne a koya masa shi da kyau. Amma malamin da ya fara da ce wa yaro abin da ya ji a bakin yayansa shirme ne, ya ɗaure masa harshe tun kafin darasi. Gara ya nuna masa cewa wannan kari na kasuwar Jibiya ne, wancan na takarda, kowanne da muhallinsa da ƙa'idarsa.

Namu aikin shi ne mu shiga tashoshi da kasuwannin kan iyaka, mu naɗi Ingilishin da ake yi, mu fayyace tsarin sautinsa da nahawunsa, domin masu tsara manhaja su san inda ɗalibin Maradi yake tsaye kafin su ja shi gaba.