Baƙin fenti ba ya maganin tsatsa



Maganar nan mun daɗe muna yin ta a bayan fage, yau za mu fito da ita fili. A damunar nan an kawo mana ƙara ofishin ƙungiya: wani ɗan uwanmu ya tara kuɗin gumi ya sayi mota 'yar Kwatano, ta hannun wani dillali, shi ma namu ne. Jikinta na sheƙi, inji lafiya lau. Wata uku ba a cika ba, ya faɗa wani rami da kaya a baya, sai mazaunin sifirin na baya ya ɓalle. Allah ya tsare, ba gudu yake yi ba. Da aka ɗora ta a rami, makaniki ya sa sukundireba ya ɗan caka ƙarfen, sai ya shige kamar an caka busasshen burodi. An bi ƙarƙashin motar kaf an shafe da baƙin fenti mai kauri, tsatsa na ciki tana cin ta.

Dillalin ya ce ai kowa haka yake yi, kuma mota tsohuwa dole ta yi tsatsa. Ba mu karɓi wannan uzuri ba. Tsatsa iri biyu ce. Akwai ja-ja ɗin nan da ke kwanciya a saman ƙarfe, wadda buroshin waya ke kankarewa a ga ƙarfe garau a ƙasa. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Akwai kuma wadda ta ci ciki, ƙarfe ya kumbura yana ɓarewa falle-falle. Idan irin wannan ta kama ƙafar mota, wato hannun da ke riƙe da taya, ko mazaunin shokazoba, ko bututun man birki, to wanda ya shafe ta da fenti ya sayar, ya ɓoye aibi ne a ciniki. Malamanmu ba su bar mu cikin duhu ba kan hukuncin wannan.

Daga ina take zuwa? Da yawa cikin motocin da ake saukewa a Apapa da Tin Can, ko ake shigo da su ta Kwatano, daga Kanada da arewacin Amurka suke, inda ake zuba gishiri a titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan yana maƙalewa a kowane lungu na ƙarƙashin mota shekara da shekaru. Ko su can ba sa wasa da shi: a 2010 kamfanin Toyota ya nemi a mayar masa da motocin Sienna kusan 600,000 a Amurka, saboda tsatsa na cinye wayar da ke riƙe da tayar safaya. Sienna ɗin nan dai da muke cika wa da fasinja da buhuna. Sannan motar ta iso Legas, ga iskar teku, ga danshi, ga ruwan da muke kutsawa ciki duk damuna. A Kano ko Sakkwato bushewar gari tana rufa wa mota asiri, a nan kuwa babu wannan alfarma.

Mu kanmu muna da laifi. Mutum zai tsaya awa guda yana duba rediyo da kujeru da sanyin AC, amma ya ga durƙusawa ya leƙa ƙarƙashi kamar zubar da girma ne. Wani kuma ya kai wajen wanki a fesa masa tsohon baƙin mai a ƙasa, wai maganin tsatsa. Man nan yana laushe robobin bushin, yana tara ƙasa da yashi, ƙarfen da ya riga ya ruɓe kuma ba ya dawo da shi.

Abin yi a sarari yake. Kafin ka biya, a ɗora motar a rami, ka je da makanikin ƙafa naka na kanka, a bubbuga da guduma a ji sautin ƙarfen. Sabon fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota dalili ne na ƙara dubawa. In tsatsar ta sama ce, a wanke, a bari ta bushe sarai, a kankare, a sa jan fenti na ƙarfe sannan a rufe. In hannun ƙafa ko sifirin ya ruɓe, canji ne kawai. Kada mai walda ya ce zai ɗinke maka. In kuwa ta ci shasi inda ƙafar ke ɗaure, ka haƙura da motar ko nawa aka rage.

Daga nan zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma da iyali muke yin ta lokacin Sallah. Don haka a zama na gaba za mu kawo shawarar cewa duk ɗan ƙungiyar da aka tabbatar ya sayar da mota ya ɓoye irin wannan aibi, ya mayar da kuɗi, in ya ƙi ƙungiya ta daina tsaya masa a kowace rigima. Dillalanmu su zo zaman, za a ba su dama su yi magana.

Sakataren ƙungiya