Kunnen Hukuma Da Tarzomar 'Yan Tatsine

Wanda ya bi ta gaban hedkwatar 'yan sanda ta Louis Edet a Abuja, sa'an nan ya zarce wajen Aso inda 'yan sandan farin kaya suke, zai zaci dama can gida biyu ne. Ba haka ba ne. Har zuwa 1976 aikin leƙen asirin cikin gida yana hannun wani sashe na musamman cikin rundunar 'yan sanda, wanda jama'a ke kira 'yan sandan ciki. Kisan Janar Murtala Muhammed ran 13 ga Fabrairu na shekarar nan shi ya sa gwamnatin Janar Obasanjo ta cire aikin daga hannunsu, ta kafa hukumar NSO, aka ba Kanar Abdullahi Mohammed shugabancinta. Alhaji Umaru Shinkafi, wanda shi ma ɗan sanda ne, ya gaje shi a 1979.

To, an kafa NSO ne da tsoron juyin mulki, don haka idonta yana kan bariki da 'yan siyasa. Malamin da ke tara gardawa a lungu ba shi ne ya dame ta ba. Gaba ɗaya kuma, tun bayan 1966 aka haɗe 'yan dokan En'e da 'yan sandan tarayya. Su kuwa 'yan doka su ne suka san mai unguwa, suka san baƙon da ya sauka jiya. Shi kansa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya yi Wakilin Doka kafin sarauta.

Muhammadu Marwa ba ɓoyayye ba ne. An taɓa korarsa daga Kano a 1962, ya komo ya kafa sansani a 'Yan Awaki, maƙwabta suna ta kuka. Labari dai akwai shi, sai dai mai ji daban, mai kamu daban. Rahoto yana tafiya Ikko, Kwamishinan 'yan sanda yana jiran umurnin Sufeto Janar, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na PRP kuwa ba ya ga-maciji da gwamnatin NPN ta Alhaji Shehu Shagari, ba shi da iko kan ko kurtu guda. Wasiƙa ya iya rubuta wa Marwa cikin Nuwamba 1980 cewa ya tashi.

Ran 18 ga Disamba aka gwabza a filin Shahuci, 'yan sanda suka sha kashi, sai da soja suka shigo. Hukumar binciken Mai Shari'a Anthony Aniagolu ta ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu. Almajiran da suka tsere, ba a bi sawunsu yadda ya kamata ba, suka ɓulla a Bulumkutu ta Maiduguri a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985.

A 1986 Janar Babangida ya rushe NSO ya raba ta uku, watau SSS da NIA da DIA, 'yan sanda kuma suka sake gina nasu sashen. Ran 16 ga Yuni 2011 'yan Boko Haram suka shigar da mota ɗauke da bam harabar Louis Edet ɗin kanta.